Raƙuman Ƙarfen Garinsu

Aikina a Dubai zanen allunan talla ne. Kamfanin ɗab'in da ya ɗauke ni yana cikin Dubai Investments Park, tsakanin wata ma'aikatar kwali da wani siton tayoyi. Daga safe har la'asar ina gaban kwamfuta ina jera haruffa da hotuna, yau takardar gidan abinci, gobe hoton gidajen da ko tubalinsu ba a aza ba. Ni mutumin Kaduna ne, a can na karanci zane. Da na zo nan na tarar ba wanda ya damu da abin da hannuna ya iya, saurina kawai ake so.

Ranar hutu nakan hau metiro in tafi Sabkha. Akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke tuƙa tuwo a wani filat a saman shagunan turare da akwatuna. Ana zama a ƙasa kan leda, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, kowa da wayarsa a gefen kwano. A nan na fara ganinsa. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara fari, yana cin abinci a hankali kamar mai jiran wani. Ya ji ina ba wani labarin aikina, sai ya matso da kwanonsa.

"Ƙanena, kai ne mai zane?" in ji shi.

Na ce ni ne. Ya ce shi direba ne, yana kai 'yan yawon buɗe ido cikin rairayi a bayan gari. Hausarsa ta Nijar ce, da Faransanci tsilli-tsilli a ciki. Ya girme ni nesa, don haka tun daga ranar Yaya nake ce masa.

Garinsu yana can arewacin Nijar, gaba da Agadas, inda ba abin da ke tsiro sai an roƙe shi. Ya ce kafin a gano yuraniyom a ƙarƙashin wurin babu ko bukka, makiyaya ne kawai ke ratsawa. Kamfanin haƙa ne ya kafa garin. Mahaifinsa ya zo daga kudu neman aiki, a can ya yi aure, a can aka haife su. Shi ma da ya girma ya shiga ramin, yana gyaran lantarki a ƙarƙashin ƙasa. In yana ba da labarin yarintarsu sai muryarsa ta sauya. Akwai silima, akwai wurin ninƙaya na 'ya'yan injiniyoyi da suke leƙawa ta katanga, akwai gidan burodi da ƙamshinsa ke tashe su da safe. Wutar lantarki ba ta ɗaukewa. Mutanen ƙauyuka sukan zo don kawai su ga fitilun titi.

Sai aka ce dutsen ya ƙare, aka rufe ramin da yake aiki. Aka sallame su, manyan motoci suka kwashe abin da za su kwasa. Masu hali suka koma kudu, samari suka bazu Libiya da Aljeriya, shi kuma wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa biza ya zo nan. Ya bar mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'ya a gidan da rairayi ya fara taruwa a bakin ƙofarsa.

Wata rana kujera ɗaya ta rage a motarsa, ya roƙi manajansu ya tafi da ni. Ban taɓa shiga rairayin ba duk zaman da na yi a ƙasar. Ya sassauta iskar tayoyi, ya hau tudu ya gangara, matan da ke baya suna ihu suna dariya, shi kuwa fuskarsa kamar mai tuƙa motar haya a cikin gari. Da yamma muka isa sansanin da ake sauke baƙi. Tantuna ne aka kafa a jere da dardumai da matasai, ga mai ƙunshi a gefe, ga raƙuma biyu da ake zagayawa da mutane a kansu cikin wani ɗan fili, a ɗauki hoto a sauko. Bayan tantunan janareta na ruri.

Muka koma gefe da kofin shayi. Ya daɗe yana kallon mutanen.

"Ka ga wanga wuri?" ya ce. "Wallahi rairayin nan ko ƙafar namu bai kama ba. Mu muna da duwatsu masu zanen mutanen dā. Muna da maƙeran azurfa, muna da mata masu dukanci, muna da samari masu jita. Ga gari guda babu kowa a rabinsa. Nan kuwa tanti ne da janareta, amma dubi mutane."

Ya ciro waya ya nuna mini hotuna. Ƙaninsa mai walda ne, shi sudur yake cewa. Da aiki ya yi ƙaranci a garin, sai ƙanin ya fara sayen tarkacen ƙarfen da ke fitowa daga wajen haƙar, wanda ake zubewa a kasuwa, yana haɗa siffofi da su don ɗebe kewa. Na ga raƙumi da aka yi wuyansa da lanƙwasasshen bututu, tozonsa da murfin famfo, ƙafafunsa da rodi. Na ga raƙumin dawa, na ga wani mutum sanye da hular rami da fitila a goshi, ya durƙusa kamar yana sauraron ƙasa. Na karanci zane, na san abin da nake gani. Mutumin da ya yi waɗannan bai taɓa shiga ajin zane ba, amma ya san yadda raƙumi ke ɗaga kai in ya ƙosa.

"Yaya, wannan ba wasa ba ne," na ce.

"Shi ya sa na neme ka."

Abin da ke ransa ya riga ya tsara shi tun kafin mu haɗu. A share tsohuwar silima a mai da ita wurin nuna ayyukan hannu. Gidajen injiniyoyi da aka bari a gyara kaɗan daga ciki su zama masauki. A ba samari fenti su zana tarihin garin a bangon unguwar ma'aikata. Lokacin sanyi a yi biki, a kira makaɗa, a kai baƙi su ga bakin ramin da duwatsu. Ya ce ya karanta cewa a wasu ƙasashe an yi haka da garuruwan haƙa da suka mutu, kuma sun farfaɗo. Abin da yake so daga gare ni shi ne ɗan littafin talla mai kyau da zai nuna wa kamfanonin yawon buɗe ido.

Na yi masa. Nakan tsaya bayan an tashi aiki, in motar kamfani ta tafi in bi ta gaba. Na wanke hotunan, na sa raƙumin ƙarfe a bango, sararin samaniya shuɗi a bayansa. Na rubuta bayanin da Turanci, shi ya yi na Faransanci, wani Basudane a wurin aikinmu ya taimaka da Larabci. Rabon da in yi aikin da raina ya so haka tun ina makaranta. Da aka buga ya riƙe shi da hannu biyu, ya juya shafukan, ya ce "Bon," wato ya yi kyau. Daga baya Hajiya mai tuwo ta gaya mini kowa ya zo cin abinci sai ya nuna masa.

Ya buɗe zaure a waya na 'yan garin da ke waje, ya saka ni ciki ko da yake ni baƙo ne. Akwai na Sabha, akwai na Tamanrasat, akwai na Kwatano, da wasu biyu a Faransa. Kwanakin farko zauren ba ya barci. Wannan ya turo hoton ajinsu na firamare, wancan ya tuna mai sayar da gyaɗa a ƙofar silima. Waɗanda ke gida suka tara samari da shebur da baro suka kwashe rairayin da ya cika silimar. Sun turo bidiyo: hasken rana na shigowa ta inda rufi ya yaye, kujerun ƙarfe na fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙasa. Wani malamin makaranta ya sa ɗalibansa suka zana motar rami a bango. Na kalli bidiyon nan a motar kamfani, har na ji kamar garinmu ne.

Kamfanonin ne suka fara sanyaya mana gwiwa. Na raka shi wurin manajansu, wani Ba'indiye mai fara'a, a wani ofis a Deira. Mutumin ya duba littafin da gaske, ya yaba hotunan. Sannan ya tambaya ko jirgi na sauka a garin. Yaya ya ce akwai fili, amma tun da kamfani ya tafi ba a cika sauka ba. Ya tambayi hanyar mota. Yaya ya ce kwalta ta mutu, amma direbobi sun san hanya. Manajan ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mana taswirar da masu inshora ke aiki da ita. Duk yankin ja ne, alamar haɗari.

"Habibi, ko ni na yarda, ba wanda zai ba baƙona inshora," ya ce. "In abubuwa sun gyaru, inshallah, ni ne na farko."

Sauran wuraren da ya je ba su kai wannan kirki ba. Wasu suka karɓi littafin suka ajiye ƙarƙashin kofin shayi. Duk da haka bai karaya ba. Yana cewa ja ba ya dawwama a taswira, ai da can Turawa har gasar mota suke yi ta yankinsu.

Ana nan sai wata mata ta hau motarsa, 'yar Labanan ce mai gidan nuna zane-zane a Al Quoz. Ya saba ajiye littafin a aljihun kujera, ta ɗauka ta duba, ta tambaye shi wanda ya yi raƙuman. Bayan kwana biyu ta kira shi. Muka je tare. Wurin tsohon sito ne aka yi masa farin fenti, sanyi kamar cikin firji. Ta ce in mutane ba za su iya zuwa garin ba tukuna, a fara kawo garin wurin mutane. A kawo siffofin ta nuna su, da hotunan silimar da na unguwar ma'aikata. Masu kuɗi da 'yan jarida za su gani, daga nan wataƙila wata ƙungiya ta ɗauki nauyin bikin.

Da muka fito ya tsaya a bakin titi cikin zafin rana ya kira ƙaninsa. Ina jin muryar ƙanin ta waya yana cewa, "Yaya, da gaske kake? Dubai?" Sai dariya, sai tari, sai dariya kuma.

Ƙanin ya shafe watanni yana aiki. Ya zaɓi ƙarfe mafi kyau, bututu masu kauri da ya ce sun fito daga izin, wato ma'aikatar da ake wanke dutsen a fitar da garin yuraniyom. Ya yi ƙanana yadda za su shiga akwati. Kowanne ya gama sai ya turo hoto, 'yarsa ƙarama na tsaye kusa don mu ga tsayinsa. Aka naɗe su da tsofaffin barguna, aka sa a akwatin katako, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kai su Zinder, daga can zuwa Kano. Wani Alhaji mai harkar jigilar kaya a Sabkha, wanda ke kawo wa mutane kilishi da kuka da daddawa, ya yarda ya haɗa da kayansa a jirgi.

Ina wurin aiki da hantsi Yaya ya kira ni. Ya ce Alhaji ya ce su haɗu a sashen kaya na filin jirgi, akwai matsala, kuma yana so in zo saboda Turancina ya fi nasa. Na ɗauka maganar haraji ce. Na nemi izini na hau tasi.

Alhaji na tsaye a bakin ƙofa yana share gumi, bai amsa gaisuwata ba. Wani jami'i ya shigar da mu wani babban sito. Can ƙarshensa, nesa da sauran kaya, na hango akwatinmu shi kaɗai, an kewaye shi da igiya mai ruwan ɗorawa. An buɗe murfin, kan raƙumi ɗaya ya leƙo daga cikin bargo. Wani mutum sanye da safar hannu yana riƙe da wata na'ura kamar rediyo. Ya matsa kusa da akwatin, na'urar ta fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, da ya ƙara matsawa ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya.

Ni ban gane ba. Na juya zan tambayi Yaya, sai na ga ya dafa bango. Shi ya san ƙarar. Ya yi shekaru yana jin ta a bakin rami.

Jami'an ba su wulaƙanta mu ba. Suka zaunar da mu a ofis, suka kawo ruwa. Babbansu ya yi bayani a hankali, ina fassarawa: ƙarfen na fitar da tururin da ido ba ya gani, irin na ma'adinin nukiliya. Ba duka siffofin ba, amma waɗanda aka yi da bututu abin ya yi yawa. Ya tambayi inda aka samo ƙarfen. Yaya ya faɗi gaskiya, a kasuwa ake saye, kowa na saye. Mutumin ya ajiye biro ya dube shi.

"Kowa?"

"Kowa," in ji Yaya.

Suka yi tambayoyinsu, suka duba takardunmu, da suka tabbatar ba mugun nufi suka sallame mu da la'asar. Kayan dai ba za su shiga ƙasa ba, ba kuma za a mayar mana ba, akwai hukumar da ke ɗauke irinsu. Yaya ya roƙa a bar shi ya ɗauki hoto. Aka ce daga bayan igiya.

A waje Alhaji ya sauke mana abin da ke cikinsa. An tsare duk kayan da suka zo tare da namu sai an gwada su, mutane na ta kiransa, sunansa ya shiga bakin hukuma. "Malam, shekarata nawa a wannan harka ba a taɓa kirana ofis ba. Ka rasa abin da za ka haɗa da abincin mutane sai guba? Khalas, shi ke nan, kada ka sake kawo mini ko allura." Yaya ya ba shi haƙuri, ya sake ba shi haƙuri. Alhaji ya shiga motarsa ya tafi.

Muka zauna a wata 'yar rumfar jiran bas mai sanyi. Bas ta zo ta wuce ba mu tashi ba.

"A cikin rami ana ba mu wani ɗan abu mai auna tururin mu maƙala a ƙirji, ana karɓa a duba," ya ce. "Na san da abin. Amma a kaina abin na rami ne, can ƙasa. In ka hau sama ka yi wanka, shi ke nan. Ban taɓa kawo wa raina ya biyo mu kasuwa ba." Ya juyo ya dube ni. "Ƙofar gidanmu da wanga ƙarfe aka yi ta. Gadon da yarana ke kwana. Tukunyar Inna."

A nan ya kira ƙaninsa, ya sa a lasifika. Ya faɗa masa komai. Muna jin kukan akuya a bayan ƙanin.

"To, Yaya, raƙuman fa?"

"Sun tafi. Ka daina taɓa bututun nan. Ka fitar da su daga gida, kada yarinyar nan ta ƙara zama a wurin aikinka."

"In fitar in kai ina? In na daina, da mi zan yi aiki? Duk ƙarfen da ke garin nan daga can ya fito. Tagogin lakwal ma, inda yara ke karatu, ni na yi su."

Ƙanin ya ce ana kiran salla, ya kashe.

Matar gidan zane ta nuna damuwa ƙwarai da muka gaya mata. Ta riƙe baki, ta tambayi lafiyar ƙanin. Bayan ɗan lokaci kuma ta ce wataƙila ba a rasa komai ba. A nuna hotunan siffofin, da hoton akwatin a bayan igiya, a bar tsakiyar ɗakin babu komai, a rubuta abin da ya faru. Ta ce wannan labarin ya fi na farko ƙarfi, duniya za ta saurara. Ni a raina na ga tana da gaskiya ta wani ɓangare, har na fara tunanin yadda zan tsara bangon.

Yaya ya girgiza kai. "Madam, ni so na yi a zo garinmu. In kika yi haka wa zai zo? Wa zai sayi zoben maƙeranmu? Wa zai auri 'ya'yanmu?"

Ta ce amma mutane na cikin haɗari, shiru ba zai warkar da su ba. Ya ce ya sani. Ya ce ta ba shi lokaci. Ba mu sake komawa ba, ita ma ta kira sau ɗaya ta bari.

Yaya ya faɗi maganar ƙarfen a zauren waya, don bai ga yadda zai ɓoye ba. Abin da ya biyo baya ban so tunawa. Wani ya ce an daɗe ana faɗin haka, wasu baƙi sun taɓa zuwa da na'ura suka yi ta surutu, ba abin da ya canza. Wani ya ce makirci ne na masu son kashe garin. Ɗaya daga na Faransa ya ce a kai ƙara kotu, na Sabha ya tambaye shi wa zai kai, da wane ƙarfi. Wani dattijo ya turo saƙon murya mai tsawo yana cewa Yaya ya je ya tona wa garinsu asiri a ƙasar mutane. Malamin makarantar nan ya tambaya ko su ci gaba da zanen bango, ba wanda ya amsa masa. Daga nan mutane suka riƙa fita ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka rage sai gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa.

Yaya ya ci gaba da tuƙi. Muna haɗuwa wurin Hajiya, amma ya daina matso da kwanonsa kusa da kowa. 'Yan kasuwar da kilishinsu ya maƙale suna kallonsa a kaikaice. Wata rana na raka shi ɗakinsu a Muhaisnah, inda suke kwana su da yawa kan gadaje masu hawa. Ya jawo jaka daga ƙarƙashin gado ya nuna mini abin da ya saya: ƙaramar na'urar gwaji, irin waccan, amma wadda za ta shiga aljihu.

"Zan tafi hutu," ya ce. "In bi gida-gida. Abin da ya yi ƙara a fitar, wanda bai yi ba a bari. Ba duka ba ne ai, sun ce ba duka ba. In an tsabtace, sai a koma maganar biki."

Na ce Allah ya taimaka. Na ga da wannan maganar yake tsaye.

Ya tafi, hutun ya ƙare bai dawo ba. Bizarsa ta mutu. Sai da aka jima na same shi a waya, layin na yankewa. Ya ce kwanakin farko mutane sun bar shi ya shiga, har yara na binsa suna dariyar ƙarar. A gidan farko ƙofa ce, a na biyu randar ƙarfe da suke ajiye ruwa. A wani gida ba ƙarfe ba ne ma, bangon ne kansa, domin da dutsen da aka zubar daga rami aka yi harsashinsa. Wani yanki na titin kasuwa ma haka. Mai gidan ya tambaye shi, to yanzu ya rushe ya koma ina? Daga nan labari ya bazu, in an hango shi tafe sai a rufe ƙofa. Wani maƙwabcinsu da ke neman mai sayen gidansa ya zo har zauren gidansu ya roƙe shi, don girman Allah, kada ya matso masa da abin nan.

"Inna fa?" na tambaya.

"Na saya mata sabuwar tukunya. Ta karɓa ta yi godiya ta ajiye a ɗaki. Ta ce tuwo ba ya daɗi a cikinta. Ta ce wadda take da ita tun ina goye take girki da ita, ga ni nan da furfura." Ya ɗan yi dariya. "Na ɗauke tsohuwar na kai bayan gari na binne. Washegari ta aiki jikanta ya tono."

Na tambayi ƙaninsa. Ya ce yana nan, ya rame, asibitin da ya rage a garin sun ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, ba su da abin da za su duba fiye da haka. Ya daina siffofi, ya koma ƙofofi da gadaje, da ƙarfen da ya samu.

Bayan wannan muka daɗe ba mu yi magana ba. Ni ma rayuwa ta ja ni, aka canza mana manaja, aiki ya ƙaru, na yi aure a gida na dawo ni kaɗai. In na kira layinsa sai a ce ba ya kusa. Hajiya ta ce ta ji an ce ya samu mota.

Shi ya kira ni da kansa, wata ranar Asabar ina cin abincin rana a bayan ma'aikata, a inuwar kwantena. Iska na kaɗawa a wayarsa. Ya ce yana tasha ne, ana lodi. Wani ɗan kasuwa ya ba shi mota mai buɗaɗɗen baya, yana kai samari can arewa cikin hamada inda aka samu zinariya. Tafiyar kwanaki ce, babu hanya sai sawun tayoyi, aikin da ya koya a nan ya yi masa rana. Samarin da suka share silima yawancinsu shi ya kai su. Suna haƙa rijiyoyi da hannu, suna sauka da igiya.

"Babban ɗana ma yana cikin lodin yau," ya ce. "Na hana, na hana, na gaji. Gara in kai shi da kaina in san ramin da ya shiga."

Na ce, "Yaya, Allah ya tsare."

"Amin, ƙanena. Ka gaida Hajiya. Ka ce wa Alhaji ya yafe mini."

Na ji wani na kiransa, ya amsa, ya ce mini za su tashi kafin rana ta yi zafi sosai. Na riƙe wayar har ta yi duhu. Sannan mai gadi ya leƙo ya ce ana nemana a ciki, injin ya tsaya yana jiran aikina.